ADDININ HINDU DA YADDA YAKE KALLON SAURAN ADDINAI

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Indiya a gidan silima, ko a Kano ko Kaduna ko Jos, ya ga yadda mace take shiga ɗakin ibada ta kaɗa ƙararrawa, ta zuba furanni a gaban gunki mai hannuwa huɗu. Daga nan mutane da yawa suka ɗauka cewa addinin Hindu bautar gumaka ne kurum. To amma malaman addinin suna da nasu bayani, kuma ya kamata mai karatu ya ji shi, tun da yake ƙidayar shekarar 2011 ta nuna kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen Indiya wannan addini suke bi.

Da farko dai addinin Hindu ba shi da mutum guda da ya kafa shi, ba shi kuma da littafi guda. Sunan ma baƙi ne suka raɗa shi, domin Farisawa ne suka kira kogin Sindu da sunan Hindu, sa'an nan sunan ya bi mutanen da ke zaune a wajen. Tsofaffin littattafansu su ne Weda guda huɗu, cikin harshen Sanskirit, waɗanda aka daɗe ana haddace su baki da baki kafin a rubuta su.

Malamansu da yawa suna koyar da cewa akwai wata gaskiya guda ɗaya tak wadda ba ta da farko ko ƙarshe, suna kiranta Birahman, kuma alloli irin su Bishnu da Shiba fuskokinta ne. Sun yi imani cewa rai ba ya mutuwa, sai dai ya bar wannan jiki a sake haihuwarsa cikin wani, gwargwadon aikin da ya yi, wato abin da suke kira karma. Burin mai ibada shi ne ya kuɓuta daga wannan kai da komowa, kuɓutar da suke kira moksha. A nan fa sun sha bamban da Musulmi da Kirista, waɗanda suka yi imani da rayuwa ɗaya da tashin ƙiyama.

Ana isa ga moksha, in ji su, ta hanyar ilmi, ko ta aikin ƙwarai ba don neman sakamako ba, ko ta ƙaunar abin bauta. Wanda ya yarda cewa hanyoyi suna da yawa a cikin gidansa, ba zai yi masa wuya ya yarda maƙwabcinsa yana da tasa ba. Tarihi kuwa ya nuna haka. Sarakunan Hindu na yankin Kerala sun ba Yahudawa da Kiristoci masauki, sun kuma bar fataken Larabawa sun gina masallatai a gaɓar teku. Mabiya addinin Zaradusht da suka baro Farisa sun sami mafaka a Gujarat. Har yanzu 'yan Hindu suna ziyartar kabarin Shaihu Mu'inuddin Cishti a garin Ajmer tare da Musulmi. A shekarar 1893 wani malaminsu mai suna Bibekananda ya tsaya a taron addinai na duniya a birnin Shikago na Amurka, ya bayyana cewa addininsa yana girmama dukkan addinai.

Sai dai kuma faɗa da cikawa ba ɗaya ba ne. Al'ummar da ta karɓi baƙi ita ce ta raba 'ya'yanta aji-aji tun daga haihuwa, har wasu aka hana a taɓa su, sai da tsarin mulkin 1950 ya haramta wannan wariya. Mahatma Gandi, wanda ake karanta ayoyin Alƙur'ani a wurin taron addu'arsa, ɗan Hindu ɗan'uwansa ne ya harbe shi a Delhi ran 30 ga Janairu, 1948, bisa zargin yana sassauta wa Musulmi. Ran 6 ga Disamba, 1992, masu tsattsauran ra'ayi suka rushe masallacin Babri a garin Ayodiya, aka yi tarzomar da ta ci rayuka masu yawa, kuma a 2024 aka buɗe ɗakin bautar Ram a wurin.

Saboda haka gardamar da ake yi a Indiya, tsakanin 'yan Hindu ne su kansu: masu riƙe da koyarwar hanyoyi da yawa, da masu son ƙasar ta zama ta addini ɗaya. Musulmin Indiya, waɗanda ƙidayar 2011 ta ce sun haura miliyan 170, da Kiristoci da sauran tsiraru, zaman lafiyarsu ya rataya ne ga ɓangaren da ya yi rinjaye.