Yadda Ake Ɗaukar Ɗakin Kamun Kifi a Mota Zuwa Kan Tafkin Ƙanƙara

Duk mai yawan kallon TikTok ko YouTube a lokacin hunturu ya taɓa cin karo da bidiyon nan: mutum zaune cikin ɗan ɗaki mai ɗumi, ga rami a ƙasa, yana zaro kifi daga ƙarƙashin ƙanƙara. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne yadda ɗakin ya isa wurin. A jihohin Minnesota da Wisconsin na Amurka, da lardin Ontario na Kanada, tafkuna irin su Mille Lacs da Lake of the Woods da Simcoe kan daskare har mota ta hau, kuma masunta kan kwaso ɗakunan ne tun daga gida, wani lokaci tafiyar awanni a kan titi.

Ɗakunan iri uku ne, kuma kowanne da irin wahalarsa. Na farko tanti ne mai buɗewa kamar lema, ana naɗe shi a zura a doguwar jaka. Ba shi da nauyi sosai, sai dai tsawo. Babban da zai ɗauki mutum shida ko takwas jakarsa na iya fin faɗin but, don haka sai an kwantar da kujerun baya an zura shi a tsaye daga baya zuwa gaba. Na uku kuwa gida ne sosai a kan tayoyi, za a zo kansa. Wanda ya fi ba mutane ciwon kai shi ne na biyu.

Mai baho

Wannan ƙaton baho ne na roba mai kauri wanda ake ja a kan ƙanƙara, an kafa masa kujeru da sandunan ƙarfe da tanti. Idan an isa wurin sai a jawo tantin ta sama ya rufe masu zama. Wani masunci ɗan Minnesota, Dave Genz, shi ne ya shahara da wannan samfuri da ya kira Fish Trap, kuma yau kamfanoni kamar Clam da Otter da Eskimo duk suna ƙera irinsa.

Matsalarsa ita ce bahon ba ya lanƙwasa. Yadda aka saye shi haka za a ɗauke shi. Bayan a-kori-kura a Amurka yawanci tsawon ƙafa 5.5 ne, ko 6.5, ko 8. Wanda ya sayi babban baho alhali motarsa mai gajeren baya ce, dole ya bar ƙofar baya a buɗe, wutsiyar bahon ta leƙo waje. Jihohi da yawa na buƙatar a ɗaura jan ƙyalle idan kaya ya zarce bayan mota da ƙafa 4, wato kusan mita 1.2. Akwai kuma faɗi: tudun da ke rufe tayoyin baya ya ci wuri a ciki, kuma tsakanin tudun biyu a manyan motocin kusan ƙafa 4 ne kawai. Shi ya sa gogaggu ke gwada motar da tef kafin su biya kuɗi, ba bayan sun biya ba.

Nauyin da aka rubuta a kwali ma yaudara ce, domin na bahon ne babu komai a ciki. Da zarar an zuba na'urar huda ƙanƙara, tukunyar gas, hita, batura, bokiti da na'urar gano kifi irin Vexilar ko Garmin LiveScope, mutum ɗaya ba zai iya ɗaga shi ba. Masu zuwa su kaɗai kan jingina katako biyu ko ƙarfen hawa a bakin motar su turo shi sama. Wasu ma kan kafa ɗan injin naɗe igiya mai aiki da batirin mota ya jawo musu. Wannan dabarar ta fi araha a kan jinyar ciwon baya.

Ɗora shi a kariyar saman ƙaramar mota abu ne mai yiwuwa, amma ba shawara ce mai kyau ba. Rufin motoci da yawa kusan kilo 75 kawai aka yarda ya ɗauka ana tafiya, har da nauyin kariyar kanta, kuma ainihin adadin yana cikin littafin motar. Ban da haka, baho a sama tamkar filafilai ne. Iska na shiga ƙarƙashinsa tana neman ɗaga shi, kuma ƙarfin iskar ba daidai yake tafiya da gudu ba: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfinta ninki huɗu yake yi. A nan ne robar ɗaure kaya mai miƙewa, irin ta bayan babur, ke cin amanar mutane. Abin da ake so shi ne bel mai ƙugiya da maɗauri mai haƙora, aƙalla biyu, a kuma tsaya bayan 'yan kilomitoci a ƙara matsewa. Ana lulluɓe bahon da murfi, domin gishirin da ake watsawa a tituna don narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe da zip, iska kuma na yaga tantin da aka bari yana kaɗawa.

Idan an sauke shi a bakin tafki za a ja da babur ɗin dusar ƙanƙara ko mai ƙafa huɗu, da sandar ƙarfe ake haɗa su, ba igiya ba. Dalili a fili yake: idan direba ya taka birki, bahon da ke kan igiya ba shi da birki, zai zamo ya daki babur ɗin ta baya.

Gida a kan tayoyi

Wannan tirela ce mai gado da murhu da ramuka a daɓe, kamar waɗanda Ice Castle ke ƙerawa a garin Montevideo na Minnesota. Mai faɗin ƙafa 8 da tsawon ƙafa 16 ya zama ruwan dare. Fasahar da ke cikinta ita ce tayoyin na ɗagawa: da hannu ake juya mariƙi, ko a danna maɓallin haidirolik, sai gidan ya sauka ya zauna daram a kan ƙanƙara. Kafin a hau titi dole a tabbatar an mayar da ƙusoshin da ke kulle tayoyin.

Sauran ƙa'idar ta kowace tirela ce. Nauyin da ke danna ƙugiyar mota ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar. Idan aka tara kaya a baya ya gaza haka, tirela kan fara rawa a kan titi, kuma a kan titi mai santsi wannan rawar ta isa ta juya mota. Sarƙoƙin tsaro biyu ana giciye su a ƙarƙashin ƙugiyar, tukunyar gas kuma a rufe take tafiya, a tsaye.

Inda titi ya ƙare

Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minnesota tana da jadawalin kaurin ƙanƙara. Mai tafiya a ƙafa na buƙatar inci 4, kusan santimita 10. Babur ɗin dusar ƙanƙara inci 5 zuwa 7. Babbar a-kori-kura mai jan gida a kan tayoyi kuwa sai inci 20 ko fiye, kusan rabin mita ke nan. Wannan lissafi na sabuwar ƙanƙara ce mai haske garau. Farar da ta gauraya da dusa kusan rabin ƙarfin take da shi, don haka ana ninka adadin.

Kuma kaurin ba ɗaya ba ne a faɗin tafki. A watan Nuwamba na 2022 sai da aka kwaso kimanin mutum 200 daga Upper Red Lake, bayan wani ƙaton yanki na ƙanƙarar ya ɓalle daga gaɓa da su a kai. GPS na waya zai nuna hanyar da aka bi jiya, amma ba zai faɗi ko ta tsage cikin dare ba, ga shi sanyi na zuƙe batirin waya cikin ƙanƙanen lokaci. Don haka har yanzu huda rami a auna da tef shi ne abin dogaro.

A kan ƙanƙara a hankali ake tuƙi, saboda mota mai nauyi na tura igiyar ruwa a ƙarƙashinta, wadda kan iya fasa ƙanƙarar idan an kusanci gaɓa da gudu. Hukumar na ba da shawarar a ajiye motoci da tazarar aƙalla ƙafa 50, a riƙa gusar da su duk bayan awa biyu. Akwai wata dabara mai sauƙi: a huda rami kusa da motar. Idan ruwa ya fara malalowa ta bakinsa, ƙanƙarar ta soma lotsawa, lokacin matsawa ya yi.

Dawowa ma aiki ne. Gidan da ya kwana biyu a wuri ɗaya kan manne da ƙanƙara, shi ya sa ake sa masa katako a ƙarƙashi tun farko. A Minnesota doka ta sa wa'adi a watan Maris na kwashe ɗakunan da ake bari a kan tafki, kudancin jihar kafin arewaci, kuma wanda ya saɓa na iya fuskantar tara ko a ƙwace ɗakin. Tantin kuwa sai an baza shi a gareji ya bushe sarai kafin a naɗe, in ba haka ba ya yi funfuna kafin hunturu mai zuwa.