Godiyar Ikilisiyar Plymouth: Yunwa, Ruwan Sama Da Maƙwabcin Da Aka Manta

Daga watan Oktoba zuwa Disamba, da wuya a sami ikilisiya a ƙasar nan wadda ba ta keɓe Lahadi guda domin godiyar girbi ba. Masu dawa su kawo dami, masu doya su kawo doya, Zumuntar Mata ta shigo da waƙa, ma'aikata su miƙa ambulan. Mutanen Amurka ma suna da tasu ranar godiya, wato Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, kuma in aka tambaye su asalinta sai su nuna wata ƙaramar ikilisiya ta Turawan Ingila wadda ta sauka a gaɓar ƙasar cikin 1620. Labarin da ake koya wa yara a can gajere ne mai daɗi: baƙi sun zo, sun yi noma, sun ci biki tare da 'yan ƙasa. Amma abin da mutanen suka rubuta da hannunsu ya fi haka nauyi ƙwarai, ya kuwa kamata duk mai zuwa sujada ya ji shi.

A zamanin Sarki James na ɗaya, doka ta tilasta wa kowane ɗan Ingila zuwa cocin gwamnati ran Lahadi, wanda bai je ba a ci shi tarar sule guda. Wajen 1606 sai waɗansu mutanen karkara a kewayen ƙauyen Scrooby suka ga cewa cocin ya cika da al'adun da ba su gani cikin Littafi Mai Tsarki ba. Suka ware, suka ɗaura alkawari tsakaninsu da Allah, da kuma tsakanin junansu, cewa za su bi abin da aka bayyana musu ko da me zai jawo musu. Suna taruwa a ɓoye a gidan William Brewster, mai kula da gidan waya na ƙauyen. (Ikon Allah sai kallo: cocin nan da suka guje wa, shi ne daga baya 'ya'yansa suka kawo bishara Zariya da Wusasa.) Da matsi ya yi yawa suka nemi tserewa cikin 1607, mai jirgin ya ci amanarsu, aka kama su. A 1608 suka samu suka kai Amsterdam a ƙasar Holan, shekara ta kewayo suka koma birnin Leiden tare da fastonsu John Robinson.

A Leiden ba mai hana su sujada, har ikilisiyar ta kusa kai mutum 300. Sai dai manoma sun zama masaƙa da 'yan ƙwadago, aiki daga safe har dare, yara suna tsufa tun ba su girma ba, waɗansu kuma suna barin harshe da tarbiyyar iyayensu. Ga yarjejeniyar tsagaita wuta tsakanin Holan da Sifen za ta ƙare a 1621. Saboda haka suka yanke shawarar wani sashe ya fara tafiya Amurka. Da yake ba su da kuɗin jirgi, sai suka jingina kansu ga waɗansu attajiran Landan a kan za su yi musu aiki shekara 7. Fasto Robinson ya tsaya tare da mafi yawan jama'a da nufin ya biyo baya, amma ya rasu a Leiden cikin 1625 bai taka ƙasar ba.

Jirgin ruwan da ake kira Mayflower ya tashi cikin Satumba 1620 da fasinja 102, kuma 'yan ikilisiyar Leiden ba su wuce rabinsu ba. Sauran attajiran ne suka ɗebo su. Bayan kwana 66 suka hangi ƙasa, can arewa da inda aka ba su izinin zama. Da waɗansu suka fara cewa a nan ba mai iko da su, sai maza 41 suka sa hannu a wata takardar alkawari tun suna cikin jirgi, cewa za su yi dokoki tare su kuma bi su. Dabarar ikilisiyarsu ce suka ɗauko suka ɗora a kan mulkin gari.

To, a nan ne za mu fara ganin irin godiyarsu, da kyanta da kuma aibinta. Da suka fita leƙen ƙasa, sai suka tarar da tudun yashi, suka tona, suka sami kwandunan masara da mutanen ƙabilar Nauset suka binne domin iri da abincin hunturu. Suka kwashe. William Bradford, wanda ya zama gwamnansu ya kuma rubuta tarihinsu, ya lissafa wannan cikin tanadin Allah, domin ba don irin nan ba da ba su sami abin shukawa ba. Gaskiya ne sun biya masu masarar bayan wata shida ko fiye. Amma a daren da suke durƙushe suna godiya, akwai wata mace da za ta je rumbunta ta tarar babu kome.

Cikin Disamba suka zaɓi wurin da suka kira Plymouth. Sun same shi a share, ga ruwa, ga gonaki, babu kowa. Dalili kuwa shi ne, garin Patuxet ne, wanda annoba ta share mutanensa tsakanin 1616 da 1619, cutar da ake kyautata zaton jiragen Turawa ne suka kawo ta.

Sa'an nan hunturu ya sauka. Sanyi, da ciwon ƙirji, da cutar nan mai kumbura dasashi saboda rashin ɗanyen abinci suka kama su. Akwai ranakun da mutum biyu ko uku suke mutuwa. Kafin a kai ga shuka, kusan rabinsu sun kwanta dama. Cikin matan aure 18 da suka hau jirgin, huɗu kaɗai suka ga girbin fari. Bradford ya ce a lokacin da abin ya fi tsanani, masu lafiya ba su wuce shida ko bakwai ba, kuma su ne suke saro itace, su hura wuta, su dafa abinci, su gyara shimfiɗa, su wanke ƙazaman tufafin marasa lafiya, ba tare da gunaguni ba. Ya ambaci biyu daga cikinsu: dattijon ikilisiya Brewster, mutumin da ya yi karatu a jami'ar Cambridge, da Myles Standish, sojan da suka ɗauko. Ma'aikatan jirgin kuwa, da cutar ta shiga cikinsu, kowa ya guje wa abokinsa, har wani daga cikinsu da ya saba zagin fasinjojin ya yi ta mamaki da ya ga su ne suke jinyarsa. A ganina wannan shi ne wuri mafi daraja a labarin duka, ya fi bikin da ake zanawa a hotuna. Alkawarin da aka ɗaura a Scrooby, a bakin gadon mara lafiya aka cika shi. Da jirgin ya juya zuwa Ingila cikin Afrilu 1621, ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka ragu bai bi shi ba.

Taimako ya zo ta hanyar da ba su zata ba. Cikin Maris wani ɗan ƙasa mai suna Samoset ya shigo garin yana gaishe su da Turanci. Bayan 'yan kwanaki ya kawo Tisquantum, wanda aka fi sani da Squanto, haifaffen Patuxet ɗin nan. Wani matuƙin jirgi Bature ya sace shi a 1614 ya kai shi Sifen domin ya sayar. Ya kuɓuta, ya zauna a Landan, ya dawo gida a 1619 ya tarar danginsa sun ƙare. Shi ne ya zama tafintansu, ya nuna musu yadda ake binne kifi a gindin masara a matsayin taki. Massasoit, sarkin ƙabilar Wampanoag, ya ƙulla amana da su, domin shi ma annoba ta raunana shi, yana tsoron maƙwabtansa na Narragansett. Suka shuka eka 20 ta masara, da kimanin eka 6 ta sha'ir da waken Ingila. Masara ta yi, sha'ir ya yi dama-dama, waken ya ƙone.

Bikin da ake ta magana a kansa, 'yan layuka ne kawai cikin wasiƙar da Edward Winslow ya rubuta a Disamba 1621. Gwamna ya aiki mutum huɗu harbin tsuntsaye, Massasoit ya zo da maza kamar 90, aka yi kwana uku ana ci, 'yan ƙasar suka harbo barewa biyar suka kawo. Turawan kuwa kamar 50 ne suka rage, wato baƙin sun fi masu gida yawa. Su da kansu ba su kira wannan ranar godiya ba. A wurinsu ranar godiya ranar sujada ce, ana keɓe ta ne in Allah ya yi wani abu na musamman. Ba a daɗe ba ma wani jirgi ya kawo ƙarin mutum 35 ba guzuri, aka koma raba rabin abinci.

Ranar godiyarsu ta ainihi a 1623 ta zo, kuma duk manomi a cikinmu zai gane ta. Daga mako na uku na Mayu har tsakiyar Yuli ruwa ya ɗauke, masara ta fara yaushi, alhali sun riga sun cinye na bara. Sai suka keɓe rana guda ta azumi da ƙasƙantar da kai. Suka taru sararin sama wasai, suka yi awa takwas ko tara suna addu'a da binciken zukatansu. Da yamma hadari ya haɗu, ruwa ya sauko a hankali, ba iska ba tsawa, ya yi ta zuwa jefi-jefi har mako biyu, gonaki suka farfaɗo. Bayan haka ne suka keɓe wata rana dabam ta godiya. A lura da tsarin: ikilisiya ce gaba ɗaya ta yi roƙon, ita ce kuma gaba ɗaya ta koma ta ce ta gode.

Abin da ya fi taɓa masu aiki irin nawa shi ne, duk shekarun nan ba su da fasto tsayayye sai 1629. Dattijo Brewster ne yake wa'azi sau biyu kowace Lahadi, amma ba ya ba da Jibin Ubangiji, ba ya yin baftisma. Da aka tambayi Robinson, ya rubuto cewa wannan ba aikin dattijo ba ne. Duk katikis ɗin da jama'arsa suke jiran limami wata da watanni kafin su ci Jibi ya san wannan hali. Majami'arsu ita ce ƙasan gidan tsaron da suka gina a 1622, da igwa shida a kan rufinsa. Wani baƙo ɗan Holan da ya ziyarce su a 1627 ya ga ana buga ganga ran Lahadi, maza su jeru uku-uku da bindigoginsu su hau tudu zuwa sujada. Zabura kaɗai suke rerawa, ba kayan kiɗa. Ba sa bikin Kirsimeti. Aure kuwa a gaban hukuma ake ɗaura shi. A sujadar yamma akan jefa tambaya daga Nassi, shugabanni da waɗansu maza su tashi ɗaya bayan ɗaya su yi bayani, sa'an nan dikin, wato Samuel Fuller wanda shi ne kuma likitansu, ya tuna wa jama'a baiko, kowa ya taso ya kai nasa.

Da zan iya tsayawa a nan da na so. Cikin Maris 1623 Winslow ya je ya yi jinyar Massasoit da hannunsa har ya warke. Amma a watan nan dai, da aka ji jita-jitar hari, Standish ya yaudari waɗansu mazajen wata ƙabila ya kashe su, ya kawo kan ɗayansu aka kafa a kan gidan tsaro, wato a saman inda ake sujada. Da labari ya kai Leiden, Robinson ya rubuto da baƙin ciki cewa da ma sun fara jawo wani zuwa ga Almasihu kafin su zubar da jinin kowa. Ba a ga alamar an saurare shi sosai ba.

Abin da yunwa ta kasa yi wa ikilisiyar, wadata ta yi mata. Daga 1630 dubban Turawa suka kwararo yankin Boston, farashin shanu da masara ya tashi, kowa a Plymouth ya shiga neman ƙarin fili. Iyalai suka ƙaura zuwa Duxbury da Marshfield, da nisa ya dame su suka nemi a sallame su su kafa tasu ikilisiya. A 1644, shekarar da Brewster ya rasu, wani babban sashe ya sake tashi. Bradford ya kwatanta ikilisiyar da tsohuwar uwa wadda 'ya'yanta suka watse suka bar ta. Bashin attajiran Landan kuwa, wanda aka daidaita a kan fam 1,800, ba a gama biyansa ba sai 1648.

Filin nan da ake ta nema, daga hannun 'ya'yan Massasoit yake fitowa. Amanar 1621 ta yi shekara fiye da 50, amma tsarar da ta taso ba ta ga hunturun farko ba, ba ta kuma ci masarar Squanto ba. A 1675 yaƙi ya ɓarke tsakaninsu da Metacom, ɗan Massasoit, wanda Turawa suke kira Sarki Philip. Dubban mutane suka hallaka, mafi yawansu 'yan ƙasa. Aka kashe Metacom a Agusta 1676, aka sayar da ɗansa, yaro ɗan shekara tara, bauta a ƙetare. Ikilisiyar Plymouth ta keɓe ran 17 ga Agusta ranar godiya, kuma a ranar ce aka shigo da kan Metacom cikin gari, aka kafa shi a kan sanda, ya yi shekara fiye da 20 a wurin.

Shugaba Abraham Lincoln ne ya shelanta ranar godiya ta ƙasa baki ɗaya a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, majalisar Amurka kuma ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba cikin 1941. A 1970, da ake cika shekara 350 da saukar Mayflower, aka gayyaci wani ɗan Wampanoag mai suna Wamsutta Frank James ya yi jawabi a wajen bikin, amma da masu shiryawa suka karanta abin da ya rubuta sai suka hana shi faɗa. Tun daga shekarar nan, a ranar da iyalan Amurka suke zama cin abincin godiya, waɗansu 'yan asalin ƙasar sukan taru a kan tudun Plymouth, kusa da mutum-mutumin Massasoit, su yi zaman makoki.