Yadda Ɗan Wasan Gefe Ya Rabu da Bakin Layi a Tamaular Turai

Duk wanda ya daɗe yana bin labarin ƙwallon ƙafa na ƙungiyoyin Turai, in ya kwatanta abin da ya gani shekara talatin da suka wuce da abin da ake gani yau a gasar Firimiya ta Ingila ko ta Zakarun Turai, lalle zai tarar babu matsayin da aikinsa ya sauya kamar na 'yan wasan gefe, watau masu lamba bakwai da lamba sha ɗaya. A zamanin da, ƙa'idar da aka yi ittifaƙi a kanta ita ce mai ƙafar dama ya tsaya dama, mai ƙafar hagu ya tsaya hagu, kowanne ya manne wa layi, ya yanke mai tsaron bayan da ke gabansa, ya zarce har kusa da tutar kwana, sa'an nan ya ɗago ƙwallo zuwa kan lamba tara, wanda shi ke da alhakin jefa ta a raga. Da wannan sana'a Stanley Matthews ya yi suna a wasan ƙarshe na kofin FA na 1953, ranar da Blackpool ta ci Bolton 4 da 3, da ita kuma Beckham da Giggs suka riƙa ciyar da Yorke da Cole har Manchester United ta haɗa kofi uku a 1999. Ajax ta Holand da ta ɗauki kofin Turai a 1995, Finidi George ne a damanta, Overmars a hagunta, kuma da Finidi ya tashi a 1996, Tijjani Babangida ɗan Kaduna aka ɗauko ya gaje shi, sabili da gudunsa a bakin layin nan.

Yanzu kuwa al'amarin ya juya, ta yadda galibin manyan ƙungiyoyi suna ajiye mai ƙafar hagu a dama, mai ƙafar dama a hagu, don in ya karɓi ƙwallo ya karkato ciki ya fuskanci raga da kansa. Arjen Robben ya yi shekara goma a Bayern Munich, daga 2009 zuwa 2019, yana yin abu guda wanda kowane mai tsaron baya a Jamus ya san zai yi, amma aka rasa mai hana shi, ga Ribéry kuma yana yin irinsa a ɗaya gefen. A kan wannan tafarki Salah da Saka da Vinicius da Lamine Yamal suke. Ɗan gefe a da ɗan dako ne mai kai kaya ƙofar attajiri, yau shi ne attajirin.

Babban sababin wannan sauyi, a ganina, daga tsakiyar fili ya taso. Tun da José Mourinho ya zo Chelsea a 2004 ya jera mutum uku a tsakiya, Makélélé yana bayan biyu, alhali abokan karawarsa a Ingila suna nan da mutum biyu bisa al'adar 4-4-2, sai aka ga ƙungiyar da ta fi yawan mutane a tsakiya ita ke mallakar ƙwallo, kuma a kakar nan ƙwallo 15 kacal aka zura wa Chelsea a wasa 38. Da sauran masu horarwa suka bi sahu, wajibi ne a sami inda za a ciro mutum na ukun nan, aka kuwa ciro shi daga gaba, aka bar lamba tara shi kaɗai tsakanin ƙarti biyu. To, in mutum ɗaya ne a cikin yadi na sha takwas, wane ne za a ɗago wa ƙwallon, kuma ƙwallayen da ɗan gaba na biyu yake ci a da, wa zai ci su? Babu makawa sai 'yan gefe su shigo su cike gurbin. Cristiano Ronaldo, wanda ya zo Manchester United a 2003 yana yaro mai yawan rawa a kan ƙwallo, ya ci 42 a kakar 2007/08, Salah kuma ya ci 32 a Firimiya kaɗai a kakar 2017/18, adadin da a da ko lamba tara bai cika kaiwa ba.

Akwai kuma hujja ta lissafi, wadda ta daɗa ƙarfi tun da ƙungiyoyi suka fara ɗaukar masu ƙididdiga aiki. Ƙwallon da aka ɗago sama daga bakin layi rabo ce, domin mai tsaron baya yana fuskantarta, gola yana da hannu, kuma in ta kuɓuce sau da yawa ita ce mafarin farmakin abokan gaba. Masu wannan ra'ayi ba su gajiya da ambaton ranar da Manchester United ta David Moyes ta ɗaga ƙwallo 81 a wasa guda da Fulham, cikin Fabrairu 2014, aka tashi 2 da 2. Wanda ya karkato ciki da ƙafarsa mai ƙarfi kuwa, ƙofa uku ke buɗe masa lokaci guda: ya buga da kansa zuwa kusurwar nesa, ko ya zura wa mai gudu ta tsakanin masu tsaro, ko ya miƙa wa wanda ya zagayo ta bayansa. Doka ma ta taimaka, tun da daga 1998 aka tsananta hukuncin sharar ƙafa ta baya, gajeren ɗan wasa mara nauyi ya sami aminci ya kutsa inda a da za a karya shi.

Sai dai bakin layi ba ya zama kango, kuma nauyinsa ya faɗa wa lamba biyu da lamba uku, waɗanda a da ba a neman kome gare su illa tsaro da jifa. Dani Alves a Barcelona da Marcelo a Real Madrid suka nuna hanya, Liverpool ta Klopp ta kai abin matuƙa, har a kakar 2019/20 Alexander-Arnold ya ba da ƙwallo 13 aka ci, Robertson 12. Antonio Conte ya bi ta wata fuska a 2016, ya mai da Victor Moses, ɗan gefe tun asali, mai hawa da sauka a layin dama, Chelsea kuwa ta ɗauki kofi. Illar abin ita ce duk mai tsaron bayan da ya hau sama ya bar fili a bayansa, kuma a irin wannan fili, a bayan Alexander-Arnold, Vinicius ya ɓullo ya ci ƙwallon da ta ba Madrid kofin Zakarun Turai na 2022 a Faris. Guardiola ya hangi wannan haɗari tun yana Bayern, sai ya yi nasa ijtihadin, ya riƙa jawo Lahm da Alaba cikin tsakiya don su tare farmaki tun bai girma ba, abin da ya tilasta wa 'yan gefe su koma su buɗe fili. Abin mamaki, Manchester City ta Guardiola da ta tara maki 100 da ƙwallo 106 a 2017/18, Sané mai ƙafar hagu a hagu yake, Sterling a dama, kamar dai zamanin Matthews, sai dai maimakon su ɗaga sama, a ƙasa suke mayar da ƙwallo baya ga masu shigowa.

Abin da ke damuna a cikin wannan mas'ala shi ne taƙalidi. Abin da masu hikima suka ƙago don warware wata matsala ta musamman, yanzu ya zama kamar farilla, har makarantun horar da yara suna juya kowane bahago zuwa dama tun bai koyi yanka ta waje ba. Masu tsaro kuma sun gane, suna tare shi su biyu, ɗaya a gaba ɗaya a ciki, sai ka ga ɗan gefe na ƙaramar ƙungiya ya karɓi ƙwallo, ya tsaya, ya duba, ya mayar baya, a yi ta zagaye har ɗan kallo ya ƙosa. Ba kowa ne Robben ba. Lamba tara mai tsawo ma ya sha yunwa shekaru da dama, tun daga ranar da Guardiola ya sa Messi a gurbinsa a Barcelona aka ci Madrid 6 da 2 a 2009, har sai da Haaland ya zo ya ci 36 a Firimiya a kakar 2022/23 kafin a tuna da fa'idarsa.

Paris Saint-Germain ta Luis Enrique ta nuna wata mafita a wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2025 a Munich, inda ta lallasa Inter 5 da 0 da 'yan gefe uku a gaba, Dembélé mai buga ƙafa biyu daidai, da Doué, da Kvaratskhelia, suna musayar wuri ta yadda mai tsaro bai san ta wace ƙafa za a ɓullo masa ba. Ƙwallon farko ta daren nan, Doué ne ya miƙo ta daga hagu, wanda ya tura ta raga daga bakin gola kuwa Achraf Hakimi ne, mai lamba biyu.