Saɓani Tsakanin Ma'aikatan Asibiti da Hasarar da Yake Jawowa

Maras lafiyan da aka kai Asibitin Murtala da ke daura da Ƙofar Mata, wanda aka kafa tun farkon zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ko yaron da uwarsa ta goya zuwa Asibitin Hasiya Bayero, ba ya samun sauƙi a hannun mutum guda. Sai ya bi ta wurin mai yankan kati, ya isa ga nas, likita ya duba shi, mai gwajin jini ya auna, mai ba da magani ya miƙo, har zuwa ga mai shara da ke tsabtace ɗakin da zai kwanta. Tun da yake haka nizamin aikin yake, lalle ne lafiyar wannan bawan Allah ta rataya ga jituwar waɗannan mutane, kuma duk husumar da ta shiga tsakaninsu shi ne zai fara ɗanɗana kuɗarta, alhali kuwa bai san mafarinta ba.

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓani a wurin aiki ba abin mamaki ba ne, balle a inda ma'aikata kaɗan suke ɗauke da jama'a mai ɗimbin yawa, ga gajiya, ga kwanan zaune, ga masu jinya suna ƙorafi a bakin ƙofa. Sababansa na yau da kullum sanannu ne: rabon aikin dare da na ranar Sallah ba bisa adalci ba, da tsawar da babba kan daka wa na ƙasa a gaban marasa lafiya, da barin aiki ba tare da an yi wa mai karɓa cikakken bayani ba, da annamimanci, wanda malamai suka daɗe suna gargaɗi a kansa.

Bayan waɗannan akwai babbar mas'ala ta muƙami da albashi, wadda ta game Nijeriya baki ɗaya. Dokar da aka yi a 1985 ta sa shugabancin asibitocin koyarwa a hannun likitoci, sa'an nan a 2009 aka raba tsarin albashi gida biyu, na likitoci dabam, na sauran ma'aikatan lafiya dabam. Tun daga nan Ƙungiyar Likitoci ta Nijeriya da gamayyar ƙungiyoyin sauran ma'aikata, wadda aka sani da JOHESU, suke ta ja-in-ja, abin da aka ba wannan ɓangare sai ɗayan ya ga an tauye masa haƙƙi. A farkon Yuli na 2014 likitoci suka shiga yajin aiki na kusan wata biyu, cikin dalilansu har da ƙin yarda a ba wanda ba likita ba matsayin babban ƙwararre, kuma ana cikin wannan hali cutar Ebola ta shigo Legas. Tun kafin wannan yajin gwamnati ta ɗora wa wani kwamiti ƙarƙashin Alhaji Yayale Ahmed nauyin nemo hanyar daidaitawa, amma duk da haka a Afrilun 2018 JOHESU ta yi nata yajin na wajen mako shida.

Hasarar irin wannan fitina iri biyu ce, ta zahiri da ta baɗini. Ta zahiri ita ce wadda kowa yake gani ranar da aka sallami na kwance: mai hali ya nufi asibitin kuɗi, talakan Jakara ko Mandawari ya koma ga mai kemis, ko ya ci bashin da zai shekara yana biya, mai naƙuda kuwa ta haihu a gida ko da haihuwar ta zo da gardama. Ta baɗini ta fi wannan muni, domin ba ta jiran yajin aiki. Idan nas ta lura cewa maganin da aka rubuta ya yi wa jariri yawa, amma ta kame bakinta saboda jiya an ci mata mutunci, ko mai gwaji ya jinkirta sakamako don huce haushi, to, an yi asarar da ba za a taɓa rubutawa a littafin asibiti ba. Wani bincike da aka buga a 2015, wanda aka yi a kan ma'aikatan ɗakunan jarirai a Isra'ila, ya nuna cewa kalmomin cin fuska kaɗai sun rage musu basirar gane cuta da kyautata aiki. Ga kuma ƙwararrun da kan gaji da zaman doya da manja su tafi Saudiyya ko Ingila, bayan ƙasa ta kashe dukiya wajen horar da su.

Maganin abin yana farawa ne daga shugaba, domin shi aka ba amanar yin insafi. Wajibi ne a rubuta iyakar aikin kowa, a kafe jadawalin aikin dare a fili, a ware lokacin da ma'aikatan kowane sashe za su zauna shawara, ƙarami ya faɗi abin da ya gani ba tare da tsoro ba. Gyaran kuskure a keɓe ake yin sa, kuma a sulhunta mutum biyu tun maganar tana tsakaninsu, kafin ta zama ta ƙungiya da ƙungiya. Birnin Kano bai jahilci wannan ba, gama tun dā kowace sana'a tana da sarkinta, kamar Sarkin Aska na wanzamai, wanda yakan kashe rigimar mutanensa kafin ta kai gaban alƙali. Haka nan a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata takardar bin ƙa'ida ta ɗakin tiyata, wadda a cikinta ake so kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara. Da aka jarraba ta a asibitoci 8 na ƙasashe dabam-dabam, mace-mace suka ragu daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa 0.8.

Saboda haka muna kira ga hukuma ta riƙa cika alkawarin da ta sa wa hannu, domin saɓa shi ne ke hura wutar yajin aiki. Ga likitoci su tuna ilimi ba ya halatta girman kai. Ga sauran ma'aikata su nemi haƙƙinsu ba tare da sun jingine haƙƙin maras lafiya ba. Mu kuma masu jinya mu kyautata lafazi ga wanda ya kwana a tsaye a kan ɗan'uwanmu. Allah Ya haɗa kawunansu bisa maslahar jama'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.