Yaran Terezin da Waƙar da Ba Ta Mutu Ba

A kowace shekara, ran 27 ga Janairu, 'yan makaranta da yawa a Ingila sukan taru a babban ɗakin makarantarsu. Sukan kunna kyandir, su karanta waƙoƙin da suka rubuta da kansu, su rera waɗansu. A wannan rana ce, cikin 1945, aka 'yantar da sansanin Auschwitz, inda 'yan Nazi na Jamus suka hallaka mutum fiye da miliyan ɗaya, yawancinsu Yahudawa. Me ya sa ake tunawa da irin wannan baƙin ciki da waƙa? Amsar tana cikin labarin waɗansu yara.

Terezin ƙaramin gari ne a arewacin birnin Prag, a ƙasar Cek ta yanzu. Daga 1941 'yan Nazi suka mai da shi wurin tsare Yahudawa. Yara wajen 15,000 suka bi ta wurin, kaɗan ƙwarai suka tsira. Akwai yunwa da cuta, an kuma hana makaranta. Duk da haka manya suka riƙa koya wa yara a ɓoye. Wata malama, Friedl Dicker-Brandeis, ta koya musu zane. Kafin a tafi da ita Auschwitz a 1944, ta ɓoye zane-zanensu fiye da 4,000 cikin akwatuna biyu. Suna nan a gidan tarihi na Yahudawa a Prag.

Akwai kuma wani mai tsara kiɗa, Hans Krasa, wanda ya shirya wa yara wasan kwaikwayo na waƙa mai suna Brundibar. Labarin wani yaro ne da 'yar'uwarsa. Uwarsu ba ta da lafiya, tana bukatar madara, ba su da ko anini. Suka je kasuwa su yi waƙa su sami kuɗi, sai wani mugun makaɗi ya kore su. Kare da kyanwa da tsuntsu suka kira musu yaran gari, suka haɗa murya har suka rinjaye shi. Daga Satumba 1943 yaran Terezin sun yi wasan nan sau 55. In aka kwashe waɗansu zuwa Auschwitz, sai waɗansu su ɗauki wurinsu. An kashe Krasa a 1944, amma bayan yaƙi 'yan makaranta a ƙasashe da yawa sun sake yin wasansa.

Akwai yaran Prag da ba su ga Terezin ba, domin wani ya buɗe musu ƙofa. A 1939 wani saurayi Bature, Nicholas Winton, shi da abokansa suka nemi gidajen da za su karɓi yara a Ingila. Suka fitar da yara 669, yawancinsu ta jirgin ƙasa. Jirgi na ƙarshe, mai yara wajen 250, bai tashi ba, gama yaƙi ya ɓarke a farkon Satumba. Kusan dukansu sun hallaka. Bambancin rai da mutuwa shi ne samun mai karɓa.

Shi ya sa makarantun Ingila ba su tsaya ga tunawa kaɗai ba. Tun 1998 ana yin Makon 'Yan Gudun Hijira a can cikin watan Yuni, kusa da ran 20 ga wata, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe musu tun 2001. Yara sukan yi waƙa da kiɗa da rawar ƙasashen sababbin abokansu, iyaye su zo kallo, a tara gudummawa. Yaron da bai iya Turanci ba tukuna yana iya buga ganga, ajinsa duka su bi shi.

Ya ku iyaye da 'yan'uwana malamai, wannan magana ba ta nesa ba ce. A 2013 aka buɗe sansanin Minawao a arewacin Kamaru domin mutanenmu da suka tsere wa Boko Haram. Waɗansu kuma sun warwatsu cikin garuruwanmu, 'ya'yansu suna zaune a azuzuwanmu shiru. Ranar bikin makaranta, mu ba irin wannan yaro wuri. Mu roƙe shi ya koya wa ajin waƙar garinsu da rawarsu, mu kuma ajiye ƙwarya a bakin ƙofa domin hatsi da tufafi.