Fetur Zalla Ko Mai Haɗin Itanol: Wanne Ya Dace Da Ƙaramin Inji?

Duk wanda ya taɓa neman bidiyon gyaran janareta a YouTube ya ji makanikan Amurka suna yawan ambaton E0 da E10. Harafin E na nufin itanol, sinadarin da Amurka ke samarwa daga masara, lambar kuma kasonsa ne a cikin man. Wato E10 na ɗauke da itanol kashi 10 cikin 100, E0 kuwa fetur ne zalla. Kusan duk gidajen man Amurka E10 suke sayarwa. Zallan sai an nema, kuma ya fi tsada.

Yawancin ƙananan injinan zamani, irin su janareta da injin ban ruwa, suna iya ƙona E10 lafiya lau. Kamfanin Honda ma ya amince da shi. Matsalar tana tasowa ne idan man ya kwana biyu a tanki. Itanol yana zuƙar danshin iska, tankin ƙaramin inji kuma yana da ƙofar shan iska. Idan ruwan ya taru, sai ya haɗu da itanol su rabu da fetur su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda inji ke jan mai. Daga nan sai tsatsa, kafireto ya toshe, a yi ta jan igiya har hannu ya gaji, waya kuma tana kashi 3.

Abin ya fi muni a injin da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, domin abin da ya kwanta a ƙasa ba ya ɗauke da man da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Tsoffin tiyo da robobi ma itanol na lalata su.

Injin da ake tayarwa kullum, biyan kuɗin E0 a kansa kusan asara ce. Wanda ke shafe wata ɗaya ko fiye a ajiye, zallan ya fi masa. E15 kuwa babu batun zaɓi: hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta amince da shi ga motocin 2001 zuwa sama, amma ta hana zuba shi a ƙananan injina.

Inda famfon gidan mai bai nuna kason itanol ba, dabarar ita ce kafin a ajiye inji a juye tankin, a tayar da shi, a bar shi ya shanye ragowar man kafireto har ya mutu da kansa.