Me Ya Sa Manhajar Windows Take Ƙin Tashi A Linux?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko da takarda, inda ya ce ya rubuta wa wani kantin magani manhajar lissafi da harshen C a kan Windows. Yanzu mai kantin zai mayar da na'urorinsa kan Linux, an gwada manhajar kuma ta ƙi tashi. Yana so a faɗa masa dalili, da kuma irin kwamfailar da ta kamata ya zaɓa.

AMSA: To malam, mun gode da wannan tambaya. Da farko dai ka sani, kwamfuta ba ta jin harshen C, sifiri da ɗaya kaɗai take ganewa. Kwamfaila ita ce tafintan da ke tsakani, wato manhajar da ke ɗaukar rubutun da ka yi ta juya shi zuwa umarnin da na'ura ke ji. Sai dai fa tana juyawar ce bisa tsarin babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar. Fayil mai ƙarewa da .exe an shirya shi ne a tsarin da ake kira PE, alhali Linux tsarin ELF take karɓa. Haka nan yadda ake roƙon Windows ta buɗe fayil ko ta zana taga daban yake da yadda ake roƙon Linux. Ke nan ko da kwamfutar ɗaya ce ba a taɓa komai nata ba, dole ka koma kan asalin rubutunka a sake fassara shi.

Wannan matsala ta girmi Windows ɗin kanta. A 1969 Ken Thompson ya fara rubuta Unix a Bell Labs da ke Amurka, da harshen da ya keɓanta ga na'urar PDP-7. Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C wajen 1972, a 1973 kuma aka sake rubuta zuciyar Unix da shi. Ba a ga cikakken amfanin haka ba sai 1977, lokacin da Richard Miller na Jami'ar Wollongong a Ostareliya ya ɗora Unix a kan Interdata 7/32, su Ritchie da Steve Johnson kuma suka shiga irin wannan aiki a kan Interdata 8/32. Dabarar Johnson ita ce ya tsara kwamfailarsa yadda ɓangaren da ya dogara da na'ura zai zauna waje guda, sauran kuwa kowace na'ura ta yi amfani da shi. Wannan dabarar ce kai ma za ka bi da manhajarka: duk abin da ya shafi Windows kai tsaye ka tattara shi a fayil ɗaya ko biyu, lissafin magani da na kuɗi ka bar su ba ruwansu da kowa.

Game da zaɓi kuwa, manyan kwamfailolin C uku ne aka fi ji da su. Ta Microsoft, wato Visual C++, a kan Windows take aiki, saboda haka ta fita daga lissafinka. Saura GCC, wadda Richard Stallman ya fitar a 1987, kuma da ita Linus Torvalds ya haɗa Linux a 1991, sai Clang wadda kamfanin Apple ya fitar a 2007. Dukkansu kyauta ne. Mu dai shawararmu ka riƙe GCC, domin ita ce ke hannun kusan kowane nau'in Linux, kuma akwai reshenta mai suna MinGW da zai fitar maka da .exe daga rubutu guda, idan wani kantin ya nace wa Windows. Amma ka riƙa bi da rubutun ta Clang ita ma, don sau da yawa abin da wannan ta kau da kai a kansa waccan za ta yi maka tsawa. Ka kuma sa -Wall, ka karanta gargaɗin da za ta jero maka, komai yawansa.

To amma gaskiyar magana, zaɓen kwamfaila shi ne mai sauƙin. Aikin yana cikin rubutunka. Idan ka kira windows.h ko conio.h, babu su a Linux, sai ka nemi madadinsu. In da tagogi da maɓallai a manhajar, Qt ko GTK suna aiki a ɓangarorin biyu, sai dai Qt da harshen C++ ake sarrafa ta, GTK ce ta C. Windows tana raba sunayen manyan fayiloli da karan da ya jingina baya, Linux da wanda ya jingina gaba. Windows ba ta damu da babban baƙi ko ƙarami a sunan fayil ba, a Linux kuwa Kaya.txt daban, kaya.txt daban. Ƙarshen layi ma alama biyu ce a Windows, ɗaya a Linux.

Akwai wani da ya shafe mu musamman. Idan sunayen abokan ciniki na ɗauke da ƙ, ɗ ko ɓ, ka lura cewa Windows a cikinta UTF-16 take amfani da shi, Linux kuwa UTF-8, inda kowane ɗaya daga cikin waɗannan haruffa ke cin bayit biyu. Manhajar da ta ɗauka kowane harafi bayit ɗaya ne tana iya yanke suna a tsakiyar harafi, ka ga rasit ya fito da wata alama da ba ka san ta ba.

Mafi haɗari duka shi ne tsoffin bayanan kantin. Adadin da ake kira long bayit 4 ne a Windows, ko da mai bit 64 ce, amma a Linux mai bit 64 bayit 8 ne. In har ka riƙa zuba bayanai a faifai kai tsaye yadda suke a ƙwaƙwalwar na'ura, sabuwar manhajar za ta karanta su a karkace, kuma ba lalle ta yi ƙorafi ba. Bashin wani sai ya koma wani adadi daban, ba wanda ya lura sai ranar biya. Maganinsa ka koma amfani da int32_t da int64_t, waɗanda ƙa'idar C ta 1999 ta kawo, don girmansu ba ya sauyawa ko'ina.

Saboda haka kada ka bari a goge Windows daga tsohuwar na'urar tukuna. Ka rubuta 'yar manhaja a can ta fitar da duk bayanan a rubutu zalla, irin na CSV, sabuwar ta shigo da su, sannan ka gwada jimlar bashi da ta kaya a na'urorin biyu har sai sun zo daidai. Kafin ka kammala, manhajar Wine, wadda aka fara tun 1993, tana iya tashin .exe ɗinka a kan Linux yadda ciniki ba zai tsaya ba, amma ka fara gwada ta da injin buga rasit ɗin kantin kafin ka yi wa mai shi alkawari.